Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Fadamar Quivira ta Jihar Kansas

A tsakiyar ƙasar Amurka, inda filin ciyawa yake shimfiɗe har iyakar ganin ido, akwai wata fadama mai ruwan gishiri da ake kira Quivira, a kudancin jihar Kansas. Gwamnatin tarayya ta keɓe ta a matsayin gandun daji a shekarar 1955 domin tsuntsaye masu ƙaura, faɗinta eka 22,135, wato kusan hekta 9,000, kuma hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ce take riƙe da ita. An ga nau'in tsuntsaye sama da 300 a cikinta, kuma a 2002 aka shigar da ita jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar, jerin da wani yanki na fadamar Haɗejiya da Nguru yake ciki. Duk da wannan suna, mutum yana iya yin doguwar tafiya ya isa wurin, ya zagaya da mota, ya koma gida bai ga komai ba sai busasshiyar laka da 'yan agwagi daga nesa. Abin da ke raba wanda ya ga abin mamaki da wanda ya dawo hannu rabbana ba tsadar kayan aiki ba ne. Sanin watan da ya dace ne, da sanin halin da ruwa yake ciki, da sanin inda za a sa rana da iska.

Zaɓen lokaci

Quivira zango ce a kan hanyar da tsuntsaye ke bi ta tsakiyar nahiyar, tsakanin wuraren da suke ƙyanƙyasa a Kanada da Alaska da wuraren da suke cin hunturu a gabar Tekun Meziko har zuwa Kudancin Amurka. Saboda haka kowane wata da baƙinsa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, da zarar ƙanƙara ta fara narkewa, agwagin daji ne ke cika ruwan, ciki har da agwagwa mai dogon wutsiya mai tsini, irin wadda ke sauka a tafkin Chadi da Nguru lokacin sanyi, ko da yake waɗanda ke zuwa Afirka daga Turai da Asiya suke tasowa. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu kuma lokacin ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ne, masu dogayen ƙafafu da siraran baki, kuma a ganina wannan ne lokaci mafi kyau ga mai son koyo, domin a rana ɗaya yana iya ganin iri da yawa kafaɗa da kafaɗa, cikin launinsu na lokacin aure wanda ya fi sauƙin ganewa. Wasu daga cikinsu, da ba su fi tafin hannu ba, daga ƙarshen kudancin Ajantina suka taso, kuma sai sun dangana da yankin ƙanƙara na arewacin Kanada.

Wanda kuma yake son ganin yawa, ba iri-iri ba, to ya jira ƙarshen Oktoba da watan Nuwamba. A lokacin ne gauraki masu launin toka ke sauka dubun dubata, dinyoyi kuma su fi haka yawa, har in sun tashi gaba ɗaya kukansu ya hana ka jin maganar wanda ke kusa da kai. A tsakiyar hunturu mikiya mai farin kai, wadda take tambarin Amurka, takan zauna a kan ƙanƙara ko a kan bishiya tana jiran dinyar da ta gaza. Yuli da Agusta zafi ne da sauro, ko da yake a lokacin ne tsuntsayen bakin ruwa ke fara dawowa daga arewa.

Tambayi ruwa kafin ka tashi

Wannan ne matakin da baƙi suka fi tsallakewa. Fadamar tana da manyan tafkuna biyu, Little Salt Marsh a kudu da Big Salt Marsh a arewa, tare da ƙananan kududdufai da yawa da ma'aikata ke cikawa ko ragewa ta magudanu da ƙofofin ruwa. Ruwan yana zuwa ne daga wani rafi mai suna Rattlesnake da kuma daga ƙarƙashin ƙasa, inda yake ratsa tsohon gishirin da ke kwance a can, shi ya sa ake samun fadamar gishiri a wurin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. Rafin kuwa ba kullum yake kawo ruwa ba. Hukumar tana da haƙƙin ruwa tun 1957, amma manoman yankin suna ban ruwa da rijiyoyin burtsatse, kuma a 2016 babban injiniyan ruwa na jihar ya tabbatar cewa janyo ruwan ƙasa yana tauye haƙƙin fadamar. Wanda ya san abin da madatsun Tiga da Challawa suka yi wa ambaliyar Haɗejiya ba zai ji wannan rikici baƙo ba. A shekarar fari wasu tafkunan kan bushe ƙurmus, tsuntsaye su wuce ba su tsaya ba.

Don haka, kwana biyu ko uku kafin tafiya, ka buga waya ofishin gandun ko ka duba shafinsu na intanet, ka tambayi waɗanne tafkuna ne ke da ruwa, waɗanne hanyoyi ne a buɗe, kuma ko an rufe wani sashe. Sannan ka buɗe eBird, rumbun da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ke gudanarwa tun 2002, ka duba abin da masu kallo suka rubuta sun gani a makon. Idan jerin na jiya da shekaranjiya gajeru ne, ka ɗaga tafiyar. Ka kuma duba hasashen yanayi, ba don ruwan sama kaɗai ba: iskar kudu mai ƙarfi a watan Afrilu da Mayu tana tura tsuntsaye su wuce arewa, iskar arewa ko hadari kuma tana tsayar da su a ƙasa, a kaka kuwa sanyin da ya taso daga arewa shi ke koro sababbin garkuna.

Hanya da kayan tafiya

Babu motar haya da ke zuwa Quivira. Filin jirgin sama mafi girma a jihar yana Wichita, daga nan kuma tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma ana iya kwana a Great Bend ko Hutchinson ko ƙaramin garin Stafford. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kwana a ciki, kuma babu gidan mai ko wurin sayen abinci, don haka a cika tanki, a ɗauki guzuri da ruwa mai yawa, har da na alwala, tunda wanda ke son ganin tashin gauraki dole ya bar masauki kafin asuba. Yawancin hanyoyin ciki na tsakuwa ne da yashi, suna da kyau a lokacin rani, amma bayan ruwan sama wasu kan yi santsi su kafe ƙaramar mota. Ka saukar da taswira a wayarka tun daga gari, ko ka ɗauki ta takarda a ofishin baƙi da ke kudancin gandun, kusa da Little Salt Marsh.

Madubin hangen nesa na hannu mai lamba 8x42 ya wadatar da mai farawa: lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, wanda ke shigar da isasshen haske da sassafe. Kada ka ruɗu da masu lamba 12 ko 16, domin a iskar Kansas hannu ba ya tsayuwa, hoto sai ya yi ta rawa. Babban madubi mai ƙafa uku, wanda ke kusantowa sau 20 zuwa 60, yana da amfani sosai a nan saboda faɗin tafkunan, amma ba sai ka saya ba tukuna. Masu kallon tsuntsaye mutane ne masu son nuna abin da suka gano, kuma in ka yi gaisuwa cikin ladabi da murya ƙasa-ƙasa, galibi za su ce ka leƙa ta nasu. Sai littafin hotunan tsuntsayen Arewacin Amurka, ko manhajar Merlin wadda kyauta ce kuma tana gane tsuntsu daga kukansa, da ɗan littafin rubutu da fensir. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka, dogon wando da takalmi rufaffe, da hula mai igiya don kada iska ta tafi da ita, da riga a kan riga da za a iya cirewa in rana ta ɗaga.

Cikin fadama

Wuri na farko da ya kamata baƙo ya nufa shi ne hanyar da ake kira Wildlife Drive, wadda ta zagaye wani ɓangare na Big Salt Marsh, tsawonta kamar kilomita takwas. Ka ba ta awa biyu ko uku. Motarka ita ce maɓoyarka: tsuntsayen nan sun saba da motoci masu tafiya a hankali, amma da zarar an buɗe ƙofa mutum ya miƙe tsaye, duk garken zai tashi. Ka sauke gilashi tun kafin ka iso, ka tsaya a gefen hanya inda wata mota za ta iya wucewa, ka kashe inji domin girgizarsa tana hana gani sosai, ka ɗora gwiwar hannu a kan taga. Bayan minti biyar ko goma na shiru, waɗanda suka ja da baya za su dawo ga kiwonsu, wani lokaci har kusa da taya.

Rana kuma ka sa ta a bayanka. Da safe ka dubi ruwan da ke yamma da kai, da la'asar ka dubi na gabas, in ba haka ba duk tsuntsu zai zame maka baƙar inuwa a kan ruwa mai ƙyalli. Da hantsi ya wuce, zafin da ke tashi daga laka yana sa abin da ke nesa ya yi ta motsi a cikin madubi, don haka tsakar rana lokacin hutu ne da cin abinci. Idan iska ta yi ƙarfi, ka nemi gefen da ciyawa ko gaɓa ta kare, a nan suke taruwa, kowa ya juya kansa ga iskar.

Babbar dabarar gane tsuntsayen fadama ita ce lura da zurfin ruwan da kowanne ya tsaya a ciki, domin tsawon ƙafa da tsawon baki su ne suka raba musu wurin cin abinci. Ka fara duba daga busasshiyar ƙasa ka gangara zuwa tsakiyar tafki. A kan farin gishiri da busasshiyar laka za ka ga ƙananan tsuntsaye masu gajeren baki, 'yan uwan zakaran ƙeƙuwa, suna gudu su tsaya cak, su ɗauki ƙwaro, su sake gudu. A kan jiƙaƙƙiyar laka da ruwan da bai wuce yatsa ba akwai ƙanana masu launin ƙasa da ke tafe kai a sunkuye. Waɗannan su ne mafi wuyar rarrabewa, kuma ko ƙwararru sukan yi gardama a kansu, saboda haka kada su ɗauke maka rana. Gaba kaɗan, inda ruwa ya kai musu ciki, za ka ga masu dogon baki miƙaƙƙe suna soka shi cikin laka sama da ƙasa ba tsayawa, kamar allurar keken ɗinki. A wannan zurfin ne kuma ladin kogi ke takawa da jajayen ƙafafunsa, kusan irin wanda muka sani, tare da wani mai baki lanƙwasasshe zuwa sama da kai mai launin kirfa, wanda ke share ruwa da bakinsa dama da hagu. Akwai wani ƙarami, Wilson's Phalarope a littattafan can, da ke iyo yana jujjuyawa a wuri ɗaya da sauri domin ya taso da ƙwari daga ƙasa. Macen ta fi namijin kyan launi, kuma namijin ne ke kwanci a kan ƙwai. Bayan su sai agwagin da ke kifa kai cikin ruwa wutsiya a sama, sannan a can wuri mai zurfi agwagi masu nutso da kwasakwasa farare, waɗanda ke jeruwa su kora kifi zuwa gaɓa su kwashe. Wanda ya riƙe wannan tsari ya riga ya rage littafinsa daga shafi ɗari zuwa shafi biyar kafin ya buɗe shi.

Gefen kachalla, wato doguwar ciyawar ruwan nan da ta addabi masunta da manoma a Nguru kuma take cinye fadamun Kansas in ba a yi ta yanka da ƙonawa ba, wurin kunne ne fiye da ido. Zalɓe da kajin ruwa masu ɓuya suna ciki, kuma sai da asuba ko magariba suke kuka. A makiyayar da ke kewaye kuma kada ka yi mamaki in ka ga balbela tana bin shanu. Ita ce dai tamu: daga Afirka ta ƙetare teku da kanta, an fara ganinta a arewacin Kudancin Amurka a 1877, ta fara ƙyanƙyasa a Florida a 1953, daga nan ta bazu.

Farin gauraka

Tsuntsun da ya fi jawo mutane Quivira shi ne farin gauraka, Whooping Crane, wanda ya fi kowane tsuntsu tsawo a Arewacin Amurka, kusan mita ɗaya da rabi. A 1941 garken da ke ƙaura bai kai ashirin ba. Yanzu ya haura 500. Suna ƙyanƙyasa a gandun Wood Buffalo na Kanada, su ci hunturu a gandun Aransas na gabar Teksas, tafiyar kusan kilomita 4,000, kuma suna yada zango a nan daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, sannan a ƙarshen Maris da Afrilu. Ba sa tafiya cikin babban garke, galibi iyali ne, uwa da uba da ɗa guda mai dabbare-dabbaren launin tsatsa, kuma sukan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki su wuce.

Sababbin masu kallo sukan yi saurin cewa sun gan shi, domin akwai wasu fararen tsuntsaye a fadamar. Ka dubi wuya da ƙafa lokacin tashi. Farin gauraka yana miƙe wuyansa sambal, dogayen ƙafafunsa baƙaƙe suna bin bayansa, baƙin kuma a ƙarshen fiffike kawai yake. Kwasakwasa yana naɗe wuya, ƙafarsa gajera ce, kuma baƙin fiffikensa ya gangaro har kusa da jiki. Farar dinya ƙarama ce, tana kaɗa fiffike da sauri, kuma cikin dubbai take tafiya. Babban farin zalɓe kuwa ba shi da baƙi a fiffike ko kaɗan. Wannan bambanci ba na ado ba ne, domin a 2004 wasu mafarauta sun harbe fararen gauraki biyu a kusa da gandun suna zaton masu launin toka ne, kuma hukumar takan dakatar da farauta idan suka sauka. In Allah ya sa ka gan su, ka zauna cikin mota, kada ka matsa ko da hoton bai fito ba, kuma kada ka shiga gonar wani don ka kusance su, tunda filayen da ke kewaye da gandun mallakar mutane ne. Idan suka ɗaga kai gaba ɗaya suka daina kiwo, ka riga ka yi kusa.

Gauraki masu launin toka sun fi sauƙin samu. Suna kwana a tsaye cikin ruwa marar zurfi don gudun kerkecin daji, su tashi da ketowar alfijir zuwa gonakin masara da alkama, su dawo layi-layi daf da faɗuwar rana. Ka isa Big Salt Marsh awa ɗaya kafin magariba ka jira su.

Abin da doka ta hana, da abin da jiki zai kiyaye

Daga Mayu zuwa Yuli wasu ƙananan tsuntsaye iri biyu suna yin ƙwai a kan farin filin gishiri, a ɗan ramin da ba a bambanta shi da ƙasa. Idan ka kori uwa daga kan ƙwai na 'yan mintoci a zafin Yuni, ƙwan ya lalace. Saboda haka ba a taka filin gishiri, ba a ƙetare alamar rufewa, kuma in ka ga tsuntsu yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, yaudara ce don ya janye ka daga sheƙarsa, sai ka koma ta inda ka fito. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana ɗaukar ƙwai ko sheƙa, har ma da gashin da ya faɗi a ƙasa. An kuma hana tashin jirgi marar matuƙi a gandun. Kunna kukan tsuntsu daga waya don a kira shi ya fito shi ma abu ne da ya kamata a bari, domin yana raba tsuntsu da abincinsa da 'ya'yansa.

Mai son miƙe ƙafa yana da gajeriyar hanyar ƙafa ta Migrants Mile, wadda ta ratsa ciyawa da bishiyoyi da fadama, da kuma hasumiyar kallo a bakin Little Salt Marsh. Ana iya hawan keke a kan hanyoyin mota. Kafin ka shiga ciyawa ka cusa ƙafar wando cikin safa ka fesa maganin ƙwari, da dare kuma ka bincika jikinka saboda kaska, wadda ke ɗauke da cututtuka a wannan yanki. Akwai ƙaramin maciji mai dafi mai ƙararrawa a wutsiya da kan fito shan rana a kan hanya. Ba ya bin mutum, a ba shi wuri kawai. Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin tsawa ne da ƙanƙarar sama da mahaukaciyar guguwa, kuma a filin da ba shi da tudu mutumin da ke tsaye da madubi mai ƙafar ƙarfe shi ne abu mafi tsawo, don haka da jin tsawa sai a koma mota.

Ana kamun kifi da lasisin jihar Kansas, kuma akwai ƙaramin kududdufi da aka ware wa yara. Ana farautar agwagi da dinyoyi a sassan da aka keɓe a kaka da hunturu, da sharaɗin lasisi da harsashin da ba na darma ba, wanda ya zama doka a duk ƙasar a 1991, da kuma kan sarkin agwagwa na tarayya ga duk wanda ya kai shekara 16. Wannan kan sarki, da aka fara sayarwa a 1934, kusan duk kuɗinsa yana tafiya ne wajen saye da kare dausayi, shi ya sa masu kallon tsuntsaye da yawa ke sayensa ko da ba su taɓa riƙe bindiga ba. A lokacin farauta, wanda zai sauka daga mota ya sa riga ko hula mai launin lemo mai haske.

Idan kana da rana ta biyu, ka nufi Cheyenne Bottoms da ke arewa maso gabashin Great Bend, wani kwari mai faɗin eka 41,000 wanda ya shiga jerin Ramsar tun 1988. Ruwansa ba na gishiri ba ne, kuma sau da yawa idan ɗayan wurin ya bushe ɗayan yana da ruwa, tsuntsaye su koma can. Akwai cibiyar ilimin dausayi a bakin babbar hanya, inda ake samun taswira da labarin abin da aka gani a makon. A ƙarshen kowace rana ka rubuta wuri da lokaci da yanayi da adadin da ka ƙiyasta na kowane iri. Hanyar ƙiyasta babban garke ita ce ka ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, ka auna ɗari da shi, sannan dubu. Abin da ba ka tabbatar ba ka rubuta siffarsa kawai, launin ƙafa da tsawon baki da zurfin ruwan da ya tsaya, ka bar sunan. Sauran ka shigar da su eBird da daren nan, domin mai shirin tafiya gobe da jerinka zai yanke shawara.